Wa ke da ikon dakatar da lasisin direba, kuma zai iya miƙa wa wani wannan ikon?

Tambaya: Barista, ni direban haya ne, ina jigila tsakanin Gusau da Funtua. Jami'an wani kwamitin haɗin gwiwa suka tare ni a hanya, suka ce na yi lodi fiye da ƙima. Ɗayansu ya karɓi lasisina, ya cike wata takarda, ya ce an dakatar da ni daga tuƙi na wata uku. Da na ce ai ba a kai ni gaban alƙali ba, sai ya ce shugabansu ne ya ba su ikon yin haka. Takardar tana da hatimi, kuma na lura an riga an sa mata hannu tun kafin a rubuta sunana. Shin doka ta yarda babba ya ba yaransa irin wannan iko? Da motar nan nake ciyar da iyalina.

Amsa: Malam direba, Allah ya kawo mafita. Idan abin ya faru yadda ka faɗa, da wuya wannan takarda ta tsaya a gaban kotu. "Oga ya ba mu iko" ba hujja ba ce a shari'a, sai an nuna abu biyu: cewa shi ogan doka ta ba shi ikon tun farko, da kuma cewa dokar ta yarje masa ya miƙa wa wani. Amma kada ka ɗauki wannan a matsayin izinin ka hau mota gobe da safe, zan zo kan dalili.

Direbobi da jami'an hanya duk sukan cakuɗa abubuwa uku da doka ta raba. Karɓar katin lasisi a riƙe daban. Yanka wa mutum takardar tara daban. Dakatar da lasisi, wato a ce daga yau ba ka da izinin tuƙa mota a ko'ina cikin ƙasar nan har zuwa wani lokaci, shi ma daban, kuma shi ne mafi nauyi. Dokar da ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta shekarar 2007, a sashe na 10, ta ba jami'anta damar kama wanda ake zargi da laifin hanya su gurfanar da shi, ta kuma ambaci karɓar lasisin wanda ake zargi idan akwai buƙata. To amma da ta zo kan rubuta laifi a jikin lasisin mutum, sai ta ce bayan an same shi da laifi. Ka ga ko ɗan tabon da za a yi wa lasisi an ɗaure shi da hukuncin kotu, balle a ce a raba mutum da sana'arsa wata uku a bakin titi. Riƙe kati hanya ce ta tabbatar da za ka zo ka amsa zargi. Ba hukunci ba ne, kuma ba ya soke izinin da hukuma ta ba ka.

Ko wannan riƙe katin ma kotuna sun fara ƙuntata shi. A 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Owerri ta tabbatar da cewa ƙwace lasisin wani direba ba bisa ƙa'ida ba tauye masa haƙƙi ne, ta kuma bar masa diyyar naira miliyan 10. A watan Oktoba na 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, na birnin tarayya ba su da hurumin tsayar da motoci su kama su ci tara, saboda babu dokar da ta ba su. Hukuncin Abuja bai shafi Zamfara kai tsaye ba, tunda dokar kowace jiha daban. Abin ɗauka a ciki shi ne tambayar da alƙalai ke fara yi: ina dokar?

Wanda ba a taɓa jayayya a kan ikonsa na dakatar da lasisi ba shi ne alƙali. Dokokin hanya da muka gada tun zamanin Jihar Arewa sun ba kotun da ta sami mutum da laifin tuƙi damar ta dakatar da lasisinsa ko ta haramta masa riƙe wani. Wannan ya haɗa da kotun tafi-da-gidanka, wadda dokar 2007 ta ba Babban Jojin jiha ikon kafawa. A nan sai ka yi wa kanka tambaya tsakani da Allah: a wurin da aka tare ka, akwai majistare zaune a ƙarƙashin rumfa ko gindin bishiya, da magatakarda a gefensa? An karanta maka tuhuma an ce ka amsa ko ba ka amsa ba? Direbobi da yawa an yi musu shari'a cikakkiya cikin minti biyar ba su san shari'a aka yi ba, sun ɗauka wani babban jami'i ne kawai ke rubutu a tebur. Idan haka aka yi maka, maganar miƙa iko ba ta taso ba. Hukuncin kotu ne, hanyarsa ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, kuma kwanakin ɗaukaka ƙara ƙidayayyu ne. Idan kuwa babu alƙali a wurin, sai mu ci gaba.

Bayan kotu, doka takan ba hukumar da ke ba da lasisi ikon ta janye ko ta dakatar da shi saboda wasu dalilai da aka zayyana, kamar tara makin laifi. Wanda ya taɓa duba bayan takardar tara ta FRSC ya ga kowane laifi da kuɗinsa da kuma makinsa. Tsarin mulkin 1999 bai hana irin wannan ba. Sashe na 36(2) ya ce doka za ta iya ba wata hukuma ikon yanke magana da ta shafi haƙƙin mutum, amma da sharaɗi biyu: a ba mutumin damar ya faɗi ta bakinsa kafin a yanke, kuma kada dokar ta ce abin da hukumar ta yanke shi ne na ƙarshe, ba a zuwa kotu. Riƙe wannan sashe da kyau, domin da shi lauyanka zai yi aiki ko da an kawo takardar miƙa iko mai kyau.

Yanzu ga gundarin tambayarka. Ƙa'idar tsohuwa ce, kuma mu nan ba baƙuwa ba ce gare mu, don tana cikin fiƙihun da ake karantawa a zaure. Idan ka wakilta mutum ya sayar maka da sa a kasuwar Talatar Mafara, ba shi da damar ya ɗanƙa wa wani can daban ya je ya sayar, sai da izininka, saboda amanarsa da idonsa ka duba ka zaɓe shi. Malaman Malikiyya sun togace wuri biyu: idan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko kuma ba irin wanda mai matsayinsa ke yi da hannunsa ba ne. Suka ƙara tsanantawa a kan alƙali, cewa ba ya naɗa wa kansa mataimakin da zai yanke hukunci ba tare da izinin wanda ya naɗa shi ba, sai in ƙasar da yake riƙe da ita ta yi faɗi ƙwarai. Dokar boko da muka gada daga Ingila a kan wannan turba take. Majalisa ce ke da ikon yin doka. Idan ta ce "hukuma kaza za ta iya dakatar da lasisi", hukumar wakiliya ce, kuma wakili ba ya wakilta wani sai dokar ta buɗe masa ƙofa, ko dai a fili ko ta yadda ba za a iya fahimtar dokar ba sai da hakan.

Shari'ar da ta fi kama da taka an yi ta a Ingila a 1953, ana kiranta shari'ar Barnard. Doka ta ba hukumar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Landan ikon dakatar da leburan da ya ƙi bin umarni. Sai hukumar ta zartar da ƙuduri ta miƙa wa manajan tashar. Manaja ya dakatar da wasu ma'aikata. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce dakatarwar banza ce, kamar ba a yi ba. Dalilin da ya sa majalisa ta zaɓi hukumar shi ne an haɗa ta da wakilan masu aiki da na ma'aikata daidai wa daida, domin lebura ya sami mai jin kukansa a ciki. In aka tattara ikon a hannun manaja shi kaɗai, an rushe hikimar dokar. Sai hukumar ta ce to ai daga baya mun zauna mun amince da abin da manaja ya yi. Kotu ta ce wanda ba shi da ikon miƙawa tun farko ba shi da ikon halattawa daga baya. Abin da za su iya kawai shi ne su ɗauko maganar daga tushe su saurare ta da kansu. Wannan gaɓa ta ƙarshe tana da amfani a gare ka, don abin da ofisoshi suka saba yi ke nan idan takardar lauya ta iso: sai a nemo shugaba ya rattaba hannu a kan abin da yaro ya yi makonni uku da suka wuce. Alƙalanmu suna kafa hujja da irin waɗannan shari'o'in Ingila, ko da yake ba dole ba ne su bi su.

Kada kuma a ɗauka duk wani miƙa aiki haramun ne. Da haka ne da gwamnati ta tsaya cik. Sashe na 5 na tsarin mulki da kansa ya ce shugaban ƙasa da gwamna za su iya gudanar da ikonsu ta hannun ministoci ko kwamishinoni ko ma'aikatan gwamnati. A wata shari'a ta 1943, ta kamfanin Carltona, kotun Ingila ta ce ba a sa ran minista ya karanta kowane fayil da idonsa, babban ma'aikacin ma'aikatarsa zai iya sa hannu da sunansa, shi kuma ministan ya ɗauki alhaki a gaban majalisa. Haka nan muƙaddashi, wanda aka naɗa bisa ƙa'ida ya riƙe kujera, ba aron iko ya yi ba, kujerar ce ke da iko kuma shi ne a kai. Tattara bayani, auna lodi, rubuta rahoto, kai wa mutum takarda, shigar da hukunci cikin kwamfuta, duk waɗannan ƙaramin ma'aikaci zai yi, babu mai cewa uffan. Inda kotuna ke tsuke fuska shi ne wurin yanke maganar kanta: ya yi laifi ko bai yi ba, in ya yi a dakatar da shi ko a ja masa kunne, in za a dakatar wata nawa. Gwargwadon yadda iko ya yi kama da aikin alƙali, gwargwadon yadda ake wahalar yarda cewa an halatta miƙa shi. Dakatar da lasisi saboda zargin laifi kuwa ya kusa zama alƙalanci tsantsa.

A nan ne maganarka ta fi ƙarfi a ganina, fiye ma da batun miƙa ikon. Lodi fiye da ƙima laifi ne da doka ta rubuta ta sa masa hukunci. Sashe na 6 na tsarin mulki ya ajiye ikon shari'a a hannun kotuna, sashe na 36(5) kuma ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda jami'a ta kori ɗalibai bayan wata tarzoma bisa zargin ƙone-ƙone da ɓarna. Kotu ta ce waɗannan laifuffuka ne da kotu kaɗai ke da hurumin tabbatarwa, ta kuma soki yadda aka sa wanda ɓarnar ta shafa ya shugabanci kwamitin bincike. A taka maganar, mutum ɗaya ne ya tare ka, shi ne shaida, shi ne mai ƙara, shi ne ya yanke, shi ne ya zartar. Ko a kotun shari'ar Musulunci da ke unguwarku, alƙali ba ya rufe shari'a sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana, kuma kotunan sama suna rushe hukuncin da aka yi babu shi.

Za a iya ce maka ai kotu ta yarda jami'an hanya su ci tara. Akwai ƙamshin gaskiya. A shari'ar Ediru da FRSC, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce takardar tara ba ta ci karo da ikon kotu ba, tunda zaɓi ne: ka biya ka huta, ko ka ƙi a kai ka gaban alƙali. A 2018 kuma wani reshe na kotun, a shari'ar NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar man fetur, da kamfanin Mobil, ya ce hukuma ba ta da ikon ɗora wa wani tara ba tare da kotu ba. Lauyoyi na ta muhawara kan yadda za a daidaita biyun. Amma ko an bi na farkon, bai taimaki wanda ya ba ka takarda ba, domin abin da ya ceci tara shi ne zaɓin, kai kuwa ba a ba ka zaɓi ba. An ce maka an dakatar, shi ke nan.

Sai maganar kwamitin kansa. Kwamitin haɗin gwiwa da aka kafa da sanarwa ko da umarnin ofis ba shi da wani iko nasa na kansa. Ɗan sanda da ke ciki yana nan da ikonsa na ɗan sanda, jami'in VIO da nasa, jami'in hukumar hanya ta jiha da abin da dokar majalisar jiha ta ba shi, ɗan ƙungiya kuma ba shi da komai sai abin da kowane ɗan ƙasa ke da shi. Zamansu a mota ɗaya ba ya haifar da sabon iko da babu wanda ya zo da shi daga gida. Shugaban kwamitin ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. Ko da gwamna ne ya ƙaddamar da su da bakinsa, gwamna mai zartar da doka ne, sabon hukunci sai majalisa. Sashe na 36(12) ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce cikin doka, kuma takardar umarni ta cikin ofis ba ta kai wannan matsayi ba.

Wurin da aka tare ka ma abin dubawa ne. Jadawalin tsarin mulki ya sa zirga-zirga a manyan hanyoyin tarayya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, abu na 63 a jerin. Hanyar Funtua zuwa Gusau, wadda ta ratsa Tsafe ta wuce har Sakkwato, ta tarayya ce. Hanyoyin cikin gari da na jiha kuwa majalisar jiha ke da su, shi ya sa jihohi suka kafa nasu hukumomin, KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, ZAROTA a nan. Takobin kaifi biyu gare shi: a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Asaba ta ce aikin FRSC a hanyoyin tarayya ya tsaya. Saboda haka lauyanka zai so ya san daidai inda abin ya faru, da kuma rigar wace hukuma ce a jikin wanda ya cike takardar.

A ce ma dokar ta yarda a miƙa ikon. Duk da haka akwai iyakoki, kuma a nan ne yawancin ofisoshi ke faɗuwa. Miƙawar sai ta bi hanyar da dokar ta faɗa. In ta ce a rubuce, maganar baki a wurin fareti ba ta wadatar ba. In ta ce ga jami'i mai muƙami kaza, ba a ba na ƙasa da shi. Wanda aka miƙa wa ba zai sake miƙa wa wani ba, wato in hukuma ta ba kwamandan jiha, kwamanda ba zai ba shugaban sintiri ba, shi kuma ya ba yaron da ke riƙe da littafi. Sharuɗɗan da ke kan mai ikon asali suna bin ikon duk inda ya je: in sai ya saurare ka kafin ya dakatar, wakilinsa ma sai ya saurare ka. Ƙa'idojin da hukuma ke fitarwa a ƙarƙashin doka, irin Ƙa'idojin Hanya na Ƙasa na 2012, su ma ba za su wuce gonar dokar da ta haife su ba.

Takardar da aka riga aka sa wa hannu, wadda ka lura da ita, ita ce ta fi ba ni sha'awa a labarinka. Ofis zai ce ai ba mu miƙa wa kowa iko ba, ga sa hannun shugaba nan. To shugaban da ya sa hannu a kan takarda babu suna, babu laifi, babu kwanan wata, me ya yanke? Bai san ka ba, bai ji abin da ya faru ba. Wanda ya yanke shi ne wanda ya cike gurbin. Akwai wata shari'a ta 1948 a Ingila, ta Allingham, inda kwamitin noma na lokacin yaƙi ya yanke cewa wani manomi ya shuka eka 8 na wani amfanin gona, amma ya bar wa jami'insa ya zaɓi wace gona. Kotu ta rushe umarnin saboda wannan ɗan gurbin da aka bari. Ina ga wanda ya bar gurbin sunan mutum da tsawon hukuncinsa? Haka kuma kishiyar wannan: idan mai ikon ya sa hannu ne kawai don wani babba ya bugo waya ya ce a yi, shi ma bai yi amfani da hankalin da doka ta damƙa masa ba, hukuncin na iya rushewa.

Ƙungiyar direbobi da kamfanonin da ake ba kwangilar tara haraji ba sai an daɗe a kansu ba. Shugaban tasha zai iya hana ka layi ko lodi bisa dokokin ƙungiyar da ka shiga da ƙafarka. Lasisinka ba nasa ba ne. Kamfani zai iya kafa kyamara ya tattara shaida, ba zai yanke hukunci ba.

Adalci ne kuma in faɗi ɗaya ɓangaren, don hanyoyinmu suna cin rayuka, kuma lodi fiye da ƙima na cikin abin da ke jawowa. Babu kotun da za ta ce jami'i ya ga direba a buge ko yana gyangyaɗi ya bar shi ya ci gaba da fasinja har sai an samo alƙali. Hana mutum tuƙi a wannan lokacin, sauke kayan da suka yi yawa, kai shi gaban kotu, duk matakan kare rai ne. Bambancinsu da wata uku shi ne na farko yana ƙarewa da gushewar haɗarin, na biyu horo ne. Amurka ta bi ta wannan muhawara. A 1971, a shari'ar Bell da Burson, Kotun Ƙolinsu ta duba maganar wani limamin coci a jihar Jojiya da ke zagaya ƙauyuka da mota, aka nemi dakatar da lasisinsa bayan haɗari ba tare da an duba ko laifinsa ne ba. Kotu ta ce lasisi in an riga an ba mutum, abincinsa na iya dogara a kai, ba a karɓewa sai an saurare shi. A 1977 kuma, a shari'ar Dixon da Love, ta yarda a janye lasisin wani direban babbar mota a jihar Ilinoi ba tare da sabon zama ba, saboda laifuffukan da aka lissafa masa kotuna sun riga sun tabbatar da su ɗaya bayan ɗaya, aikin ofis lissafi ne kawai. A Ingila ma, wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku, kotu ce ke hana shi tuƙi, galibi wata shida. Ni a ganina tsarin maki da aka gina a kan laifin da aka tabbatar ya fi kowane tsari adalci ga direba da fasinja, don ba ya barin wa jami'in bakin hanya abin ciniki.

Abin da za ka yi yanzu. Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, ka adana ta asali, ka rubuta rana da wuri da lambar motar sintirin in ka riƙe, da sunayen fasinja ko yaron mota da suka ga abin. Ka je cibiyar yin lasisi a Gusau ka nemi a duba matsayin lasisinka a kwamfuta. Lasisin ƙasar nan hannu uku ke yin sa, FRSC da VIO da hukumar tara haraji ta jiha, kuma bayanansa a rumbu ɗaya suke. Sau da yawa za ka tarar babu wata dakatarwa a rubuce, katin ne kawai ke kwance a aljihun tebur ana jiran ka zo "a sasanta". Sannan a rubuta wa shugaban hukumar da sunanta ke kan hatimin, a nemi ya faɗi sashen dokar da aka dogara da shi, da suna da muƙamin wanda ya yanke, da kwafin takardar da ta ba shi iko, da ranar da aka saurare ka, a kuma nemi a maido da lasisin ko a kai ka kotu. Ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata. Wasiƙar tana da wani amfani: sashe na 168 na Dokar Shaida ta 2011 ya sa kotu ta ɗauka aikin hukuma an yi shi daidai har sai an nuna akasi, to shirunsu ko kasa kawo takarda shi zai fara karya wannan zato.

Kada ka hau mota kafin nan. Tuƙi babu lasisi a hannu laifi ne mai zaman kansa, kuma in tsautsayi ya gitta, kamfanin inshora da mai ƙara duk za su ɗaga wannan takarda, kai kuma a lokacin kake fara bayanin cewa ba ta da inganci. Ka ba wani amintacce motar ya riƙa kawo balas na ɗan lokaci. Kada kuma wani ɗan kamasho ya ruɗe ka da yin sabon lasisi da wani suna, hoton yatsunka na cikin rumbu, ƙaramar magana za ta koma ta jabu.

In wasiƙa ba ta yi aiki ba, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana karɓar irin wannan ƙorafi kyauta. In kotu za a je, hukumar tarayya ana kai ta Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau, ta jiha kuma Babbar Kotun jiha, a roƙi a rushe takardar a kuma maido da lasisi. Lokaci ne abin tsoro. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya yi a bakin aiki, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwar wata guda kafin a kai su kotu, ka ga wata biyu suka rage. Ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin ƙa'idojin 2009 ba ta da wannan wa'adi, shi ya sa lauyoyi ke yawan bin ta nan, amma ba kowace magana ce ke shiga wannan ƙofa ba. Ka kai wa lauya takardar cikin makon nan, ka kuma gaya masa gaskiyar yawan kayan da ka ɗauko ranar, domin rushe dakatarwar ba ya hana a gurfanar da kai a kan lodin.